Burahima Ɗan Talata da Kujerar Lungu

Jawabin da Malam Ɗahiru Illa, malamin ilimin ƙasa a jami'a, ya yi a Gure, a taron tunawa da marigayi Burahima Ɗan Talata, diraktan sashen na'urori da rezo, wato hanyar sadarwa, na jami'ar.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma Perfe shugaban gunduma, mai martaba Sarki da bulamomin da suka rako shi, mai girma Magajin gari, mai girma Rektar shugaban jami'a da malaman da suka taso daga Damagaram, limamanmu, Inna Ummul Kulsum mahaifiyar marigayi, wansa Yaya Husseini, matarsa Hajiya A'i da 'ya'yanta Shamsu da Maryam, ɗalibai, jama'ar Gure maza da mata, assalamu alaikum.

An zaɓe ni in yi magana da bakin mutane biyu, mutanen jami'a da mutanen garin nan, saboda ni na kowanne ne. A unguwa ɗaya aka haife mu da Burahima, lakwal ɗaya muka shiga karatun boko, daga baya kuma aiki ya sake haɗa mu a Damagaram. Na nemi izinin Liman kafin in tsaya nan, don a cikin abin da zan faɗa akwai wanda ban san fassararsa ba. Liman ya ce in faɗi abin da na gani, in bar wa Allah saura. Haka zan yi.

Da yawa daga cikinku kun san Burahima yana aiki da na'ura, amma ba ku san mene ne aikin ba. Inna ma ta taɓa tambayata, ta ce, "Ɗahiru, wai ɗan nan gyaran rediyo yake yi a can?" Bari in bayyana.

Kafin ya karɓi sashen nan, kowane ɓangare na jami'a harkarsa yake yi shi kaɗai. Wannan ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, irin tasa, wancan ya ajiye sakamakon jarrabawa a na'urar sakatarensa. Ran da na'urar ta mutu, ko sakataren ya bar aiki, shi ke nan, yaro ya yi shekara yana karatu a ce ba a ga makinsa ba. Burahima ya ce ba za a ci gaba da haka ba. Ya kafa kwamiti, ya sa malamai a ciki, ya sa ɗalibai, har da masu gadi ya ce a ji ta bakinsu, tun da su ke kashe wuta su kunna. Ya ce duk abin da aka ajiye a wuri ɗaya sai an ajiye irinsa a wuri na biyu. Ya buɗe wa kowane ɗalibi da kowane malami konti, wato ɗan ɗakinsa a cikin na'ura, da sunansa da lambar sirrinsa, inda yake ajiye aikinsa.

Ya kasance mai tsari har abin ya kan ba mu haushi. Ka je masa da buƙata ta gaggawa, sai ya ce, "Zauna tukuna, wa zai gyara ta idan ta lalace?"

Ya kasance mai riƙon amana. Duk saƙon da muke aika wa juna a jami'a yana iya buɗewa in ya so. Wani babba ya taɓa kiransa biro, wato ofis, ya ce ya duba masa abin da wasu ɗalibai ke rubutawa a kansa. Burahima ya ce, "Ranka ya daɗe, an ba ni makullin ne don in tsare, ba don in leƙa ba." Ya fito, bai kuma faɗa wa kowa sunan mutumin ba. Ni ma ban sani ba har yau.

Ya kasance bai manta da gida ba. Shi ya dage a kwamiti sai da aka buɗe ɗakin karatu daga nesa a nan Gure, wanda kuke gani da fanon hasken rana a kan rufinsa. Malami yana Damagaram yana koyarwa, 'ya'yanmu suna nan suna kallonsa a babban allo, kowa da na'ura a gabansa. Yaron da ba shi da masauki a birni, da yarinyar da iyayenta ba za su bar ta ta yi nisa ba, duk suka samu hanya.

A ɗakin nan abin ya faru, kuma wasunku suna ciki.

Akwai ɗalibina, Salihu Yabawa, daga wani ƙauyen makiyaya arewa da garin nan. Yaro ne mai yawan tambaya. Kujerarsa tana lungu, kusa da taga. Idan ɗalibi ya shiga darasi, sunansa yana fitowa a gefen allona a Damagaram, idan kuma yana son magana sai ya taɓa wata alama, ɗan hannu ya bayyana kusa da sunan. Hannun Salihu bai cika sauka ba. A bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna, ya tafi gida hutu, bai dawo ba, ciwon ya ɗauke shi. Muka yi masa addu'a, muka ci gaba.

Talatar da ta biyo, da hantsi, ina tsakiyar darasi, na duba gefen allo na ga sunansa. Na ce a raina wani abokinsa ne ya san lambarsa. Da aka tashi na je biro na gaya wa Burahima. Ya ce, "Ƙaramin abu ne," ya canja lambar sirrin a gabana, ya saka wadda shi kaɗai ya sani.

Wata Talatar sunan ya sake fitowa. Wannan karon har da hannu a ɗage.

Ban kira shi ba. Na ƙarasa darasin. Burahima ya bincika, ya ga daga ɗakin Gure ake shiga. Ya ce mai yiwuwa na'urar lungun ce ta riƙe sunan yaron, da rana ta bugi fano wuta ta zo sai ta shiga da kanta. Ya ce, "Mako mai zuwa kai ka yi darasinka, ni zan je in zauna da su."

Ya zo. Ya cire na'urar lungun da hannunsa, ya kai ta mota, ya rufe. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowace da mai ita a gabanta da sunansa. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na fara darasi. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

Ya ce, "Ɗahiru, kana ganin sunan?"

Na ce, "Ina gani."

"Hannun fa?"

"A ɗage yake."

 Sai ya ce, "To, ka ba shi magana."

Jama'a, hantsi ne, gari a waye, ana sayar da ƙosai a bakin titi. Na gyara murya na ce, "Salihu Yabawa, muna sauraronka."

Ba a yi magana ba. Abin da ya fito shi ne iska, da kukan ƙarfen rijiya idan ana jan guga, irin kukan nan mai tsayi da ke yankewa ya sake farawa, da shanu can nesa. Na ji a Damagaram, su ma sun ji a nan. Ya ɗan ɗauki lokaci, sai hannun ya sauka. Wata ɗaliba ta tattara littattafanta ta fita, sauran suka bi ta. Burahima ya gaya mani daga baya cewa shi kaɗai ya rage a ɗakin, yana kallon kujerar da ba kowa a kanta, ba na'ura a gabanta, ni kuma ina kan allo ina kallonsa.

Kun san abin da ya biyo baya. Kafin ranar kasuwa labari ya gama gari, ana cewa ɗakin da matacce ke karatu. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, ban kuma ga laifinsu ba. Burahima ya kira wani masani daga Yamai, suka kwance komai suka mayar, ba su ga inda matsalar take ba. Da kwamiti ya zauna, aka ce ya yi bayani. Ya ce, "Ban gano ba. Mai yiwuwa kuskuren na'ura ne da ya fi ƙarfin sanina, mai yiwuwa ba shi ba ne. Ba zan ce maku na sani ba."

Kwamiti ya rabu. Wasu suka ce a goge kontin yau yau, a ce wa mutane an gyara. Wasu suka ce a rufe ɗakin Gure gaba ɗaya, a kwashe na'urorin a mayar Damagaram, tun da ba mai shiga. Wannan maganar ta biyu ta fara samun ƙarfi, na ga aikin shekaru zai tafi. Na taɓa shi a ƙarƙashin tebur, na ce a hankali, "Goge kawai, ka ceci ɗakin."

Ya ƙi. Ya miƙe ya ce, "Gogewa ba wuya, yatsa ɗaya ne. Amma a cikin kontin nan akwai aikin yaron, akwai muryarsa ranar da ya gabatar da bincikensa. Da riga ya bari a masauki, da mun kai wa ubansa. Wannan ma nasa ne, yana da magada. Ku ba ni dama in je in tambaya."

Aka ba shi, ba da son rai ba.

Muka tafi mu uku, da shi da ni da Isufu shofer, wanda ke zaune can. Muka bar gudro, wato kwalta, muka shiga rairayi. Muka tarar da Malam Yabawa, mahaifin Salihu, a bakin rijiya yana shayar da shanu. Tun kafin mu fito daga mota na ji kukan ƙarfen rijiyar. Yana tsayi, ya yanke, ya sake farawa. Na dubi Burahima, shi ma ya dube ni. Har Burahima ya bar duniya ba mu taɓa yin maganar ba.

Muka yi gaisuwar rashi, aka shimfiɗa mana tabarma. Burahima ya durƙusa ya yi wa tsohon bayani dalla dalla, bai ɓoye komai ba, bai kuma ƙara gishiri ba. Malam Yabawa ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce, "Wace rana ka ce?"

Burahima ya ce, "Talata, Baba."

Ya ce, "Talata ce ranar shayarwarmu. Da yana gida shi ke jan guga. Tun da ya shiga karatun nan yake ba ni haƙuri a kan Talata." Sai ya ce, "Ka ce akwai muryarsa?"

Burahima ya buɗe na'urarsa a kan tabarma. Muryar Salihu ta fito yana bayani da Faransanci a kan yadda rairayi ke cin kwari. Tsohon ba ya jin ko kalma ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a maimaita. Matan gida suka taru a bayan dannin kara, ba mu gan su ba, muna dai jin su.

Da aka gama ya ce, "Ɗana, kada ka rufe tukuna. Ya ce mani ba zai bar karatun nan ba sai ya ga ƙarshen shekara. A bar shi ya gani." Burahima ya ce masa gaskiya, cewa yara sun gudu, kuma in ba su dawo ba za a rufe ɗakin. Tsohon ya ce, "Tsoron kujerar suke? To, ni zan zo in zauna a kanta. Ɗana ne, ba ya tsorata ni."

Mutanen Gure, kun gan shi. Kowace Talata ya bar shanun a hannun ƙanensa, ya hau raƙumi tun da sanyin safiya, ya ɗaure shi a jikin iccen bedin da ke ƙofar ɗakin, ya cire takalmi, ya zauna a lungu da sandarsa a kan cinya. Talatar farko shi da Burahima kaɗai na koyar, da sunan Salihu a gefen allo. Ta biyu ɗalibai ƙalilan suka leƙo, suka ga tsoho zaune lafiya, suka shiga. Kafin ruwan farko ya sauka ɗakin ya cika. Sunan bai daina fitowa ba. Amma tun ranar da tsohon ya zauna, hannun bai sake ɗaguwa ba.

Ranar darasin ƙarshe, da na yi sallama, sunaye suka riƙa ɓacewa ɗaya ɗaya yadda suka saba. Na Salihu ya tsaya sai da kowa ya fita, sannan ya tafi. Malam Yabawa ya ce, "Yanzu ka rufe." Burahima ya kwashe aikin yaron da muryarsa ya saka masa a waya, ya kama yatsan tsohon ya ɗora a kan madanni, ya ce, "Baba, kai za ka rufe." Liman ya yi addu'a. Ba a sake ganin sunan ba.

Daga nan Burahima ya kai wa kwamiti doka, aka kuma amince: ba a rufe kontin wanda ya rasu sai ɗan Adam ya taka ya je ya zauna da iyalinsa. Wasu jami'o'in sun aiko suna tambayar dalilin dokar. Ya kan amsa masu da cewa ladabi ne.

Ya kasance mai tunanin gobe, kuma a shekararsa ta ƙarshe wannan tunanin ya ɗauki wani salo da ya dame mu. Lafiyarsa lau, yana cin tuwonsa, yana tsokanar mutane. Amma sai ya fara cire hannunsa daga komai. Manyan lambobin sirri da shi kaɗai ya riƙe ya raba su ga mutum uku. Ya zaunar da mataimakiyarsa, Malama Sadiya, a kujerarsa a taron kwamiti, shi ya koma baya yana saurare. Ya kammala tsarin shekaru masu zuwa, kowane aiki da sunan mai yin sa, babu sunansa ko wuri ɗaya. Sadiya ta ce, "Diraktar, kai fa ina kake a ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Ina dubawa ne in ga ko zai tsaya ba ni." Hajiya A'i ta gaya mani a gida ma haka, ya nuna wa Shamsu inda ake rufe ruwa, da yadda ake gyara fanon rufi. Na tambaye shi ko likita ya gaya masa wani abu. Ya ce, "Ba wanda ya gaya mani komai, Ɗahiru. Ina dai jin kamar ana jirana a wani wuri."

Ranar da abin ya zo, ya taso daga Damagaram da Isufu za su garin Bune, duba filin da za a gina ɗakin karatu na biyu. Isufu ya ce masa ko su fara zuwa Gure a gaida Inna. Ya ce a'a, aiki tukuna, sai a dawowa. Suka karkata daga gudro tun kafin su iso garin nan. Da hantsi suna ratsa wani kwari ya ce a tsaya, ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya zauna a gindin goruba, ya ce Isufu ya roƙo masa ruwa wurin wani mai lambu da ke kusa. Isufu ya dawo da ruwan ya same shi a jingine, hularsa daidai, hannayensa a kan gwiwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saura abu ɗaya, kuma Inna ce da kanta ta ce in faɗa.

Da labari ya iso wa Yaya Husseini, ya rasa yadda zai shiga ya gaya wa tsohuwa. Ya tsaya a zaure har ƙafarsa ta gaji. Da ya shiga, ya same ta zaune a kan tabarma ta yafa mayafi. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Husseini, zauna. Na sani. Ya zo da hantsi ya yi mani sallama."

Ya ce, "Inna, wa?"

Ta ce, "Burahima. Ya durƙusa nan, ya ce ƙishirwa yake ji, na ba shi ruwa a ƙwarya ya shanye. Ya ce in yafe masa. Na ce me ka yi mani? Ya ce ba komai, tafiya ce ta kama shi. Na ce Allah ya kiyaye hanya."

Isufu ya rantse motar ba ta shigo Gure ba, mai lambun kuma ya shaida. Matar Yaya Husseini tana tsakar gida tana tankaɗe a lokacin. Ba ta ga kowa ya shiga ba, amma ta ji Inna tana magana tana dakatawa kamar mai jiran amsa, da ta leƙa kuma ta ga ƙwaryar a ƙasa da danshi, ba ruwa a ciki. Na san Isufu, ba ya ƙarya. Na san Inna tun ina rarrafe, ba ta ƙarya. Ban zo in daidaita maganganun biyu ba. Allah ne masanin gaibu.

Hajiya A'i, kin yi haƙuri da mijin da waya ke tayarwa daga kan akushi. Jami'a ta ci lokacinki da yawa, muna roƙonki gafara, kuma ƙofofinmu a buɗe suke gare ki. Shamsu, Maryam, za ku haɗu da mutanen da ba ku sani ba su riƙe hannunku su ce babanku ya taimake su. Ku tsaya ku saurare su, gaskiya suke faɗa. Yaya Husseini, nauyin ya dawo kanka, amma ba kai kaɗai ba, unguwa tana nan. Malama Sadiya, ɗakin Bune yana jiranki, Magajin gari ya ce filin yana nan yadda aka auna.

Muna godiya ga hukuma, da sarakuna, da malamai, da matan unguwa da suka dafa abincin baƙi, da duk wanda ya baro shagonsa ko garkensa ya zo.

Ya Allah, ga bawanka Burahima ɗan Ɗan Talata. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka jiƙan iyayenmu da 'ya'yanmu da suka riga mu. Ka ba iyalinsa haƙuri mai kyau, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Inna, jiya na tambaye ki abin da kike so a roƙa masa. Kin ce ba ki da wata damuwa a kansa, tun da ya nemi yafiya kin ba shi, ya nemi ruwa ya sha. Kin ce a roƙa masa sauka lafiya kawai. To, jama'a, ku ɗaga hannu mu roƙa masa abin da uwarsa ta ce.

Al-Fatiha.